Yadda ake auna cunkoson kwararar lantarki a cikin filasma ta hanyar haske

Filasma iskar gas ce da aka zafafa ko aka tura wa lantarki har elektiron suka rabu da atom ɗinsu, ta koma tana ɗaukar wuta kamar waya. A na'urorin binciken makamashin haɗe-ƙwayoyi irin su tokamak, wato bututu mai siffar zobe da ke riƙe filasma da maganaɗisu, wutar da ke ratsa filasma kan kai daga ɗaruruwan dubban amfiya zuwa miliyoyi. Sanin jimillarta abu ne mai sauƙi: a zagaye bututun da naɗin Rogowski, wato naɗin waya mai auna wutar da ta ratsa tsakiyarsa, a karanta. Wahalar tana wajen sanin yadda wutar ta rarrabu a ciki, wato amfiya nawa ke ratsa kowane murabba'in mita a tsakiya, nawa a gefe. Wannan shi ake kira cunkoson kwarara, ana masa alama da j, kuma a kansa zaman lafiyar filasma ya rataya. Ba a iya zura waya cikin abin da zafinsa ya haura digiri miliyan goma, domin wayar za ta narke, ta kuma gurɓata abin da ake son aunawa. Shi ya sa ake aika haske.

Tun da farko a riƙe abu ɗaya: haske ba ya auna kwararar kai tsaye. Abin da yake ji shi ne filin maganaɗisun da kwararar ta haifar, daga nan ne lissafi ke komawa baya zuwa j. Tunda j yana fitowa ne daga yadda filin ke canzawa daga wuri zuwa wuri, ƙaramin kuskure a kusurwar da filin ke juya hasken yakan zama babban kuskure a sakamako. Kusan duk aikin da ke ƙasa ƙoƙari ne na samun kusurwar da za a yarda da ita har zuwa kashi ɗaya cikin goma na digiri.

Tushen hanyar

A 1845 Michael Faraday ya lura cewa idan haske mai kaɗawa a fuska ɗaya ya ratsa gilashi a cikin filin maganaɗisu, fuskar kaɗawar tana juyawa. Filasma ma tana yin haka. Girman juyin, a ma'aunin radiyan, shi ne α = 2.62×10⁻¹³ λ² ∫ n B∥ dl, inda λ tsawon zangon hasken ne da mita, n yawan elektiron a kowane kubik mita, B∥ kuma ɓangaren filin da ya kwanta a kan hanyar hasken, da tesla. Alamar ∫ tana nufin a tara abin tun daga inda hasken ya shiga har inda ya fita.

Ka ga n da B a haɗe suke, saboda haka juyin shi kaɗai bai wadatar ba. Dole a auna n a kan wannan layin, kuma hasken da kansa ke ba da shi, domin filasma tana sauya takun igiyarsa, wato matsayin da igiyar ta kai a cikin zagayenta, da φ = 2.82×10⁻¹⁵ λ ∫ n dl. Na'urar da ke auna juyi ita ce folarimita, mai auna taku kuwa intafaromita, kuma a aikace ana gina su a jiki ɗaya.

A tokamak filin maganaɗisu iri biyu ne. Akwai babba, wanda naɗaɗɗun wayoyi na waje ke samarwa, yana bin doguwar hanyar zoben. Akwai ƙarami, wanda kwararar filasma ke haifarwa, yana kewaya ta gajeriyar hanya. Ƙaramin muke nema. Don haka ake harba hasken a tsaye daga ƙasa zuwa sama, ko a kwance daga gefe, ta yadda zai gitta babban filin a kusurwar digiri 90, ya ji ƙaramin kawai.

Mataki na farko: zaɓen leza, da alƙalami kafin a sayi komai

Ɗauki filasma mai kwararar amfiya 400,000 da rabin faɗi na mita 0.4. Filin da ke gefenta zai kai tesla 0.2. A ce matsakaicin n 3×10¹⁹ ne, hanyar kuma mita 1, sai a gwada lezoji ɗaya bayan ɗaya a cikin lissafin. Jar lezar hiliyam da niyon mai nanomita 633 za ta juya ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na radiyan, ba abin aunawa ba ne. Lezar CO₂ mai maikuromita 10.6 za ta ba da digiri 0.01. Lezar metanol mai 118.8 ta ba da kusan 1.3, ta iskar DCN (dutiriyam sayanaid) mai 195 ta ba da 3.4, ta fomik asid mai 432.5 ta ba da kusan 17. Wannan ne dalilin da ya sa aikin ya zauna a can nesa bayan jan haske, inda ido ba ya gani. Tokamak ɗin JET da ke Culham a Ingila ta yi aiki da 195, ta EAST da ke Hefei a ƙasar Sin tana amfani da 432.5.

Mai gaggawa zai ce a ɗauki mafi tsawo. Kada a yi haka ba tare da an biya kuɗinsa a lissafi ba, domin dogon zango yana jawo matsala biyu. Ta farko lanƙwasa: filasma tana karkatar da haske kamar gilashin tabarau, kuma mafi girman karkatar ya yi kusa da n na tsakiya a raba da iyakar yawan da hasken ba ya iya ratsawa, wadda take 1.11×10¹⁵ a raba da λ². Idan n na tsakiya 5×10¹⁹ ne, hasken 195 zai kauce da kimanin milimita 5 bayan tafiyar mita 3, na 432.5 kuwa da milimita 25, wanda ya isa ya fitar da shi daga kan makarɓi, wato na'urar da ke karɓar hasken ta auna shi, gaba ɗaya. Ta biyu ita ce tasirin Cotton da Mouton: babban filin da aka gitta yana mayar da kaɗawar da take a miƙe ta koma mai siffar ƙwai, da girman 2.46×10⁻¹¹ λ³ ∫ n B⊥² dl, inda B⊥ ɓangaren filin ne da ya gitta hanyar hasken. A tesla 3 da zangon 195 wannan ya kusa digiri 3, wato ya kamo juyin Faraday ɗin kansa. Na'ura mai ƙarfin fili da yawan elektiron tana son gajeren zango, ƙarama mai sirarar filasma tana son dogo.

Mataki na biyu: tsara layukan haske

Layi ɗaya lamba ɗaya kawai yake bayarwa. Ana buƙatar layuka da yawa a jere, daga gefe zuwa gefe, kuma wasu su kasance a kowane ɓangare na tsakiya. Dalili shi ne a layin da ya ratsa cibiyar kwarara juyin sifili ne, a dama yana da alama ɗaya, a hagu yana da kishiyarta. Inda ya gitta sifili nan ne cibiyar, gangarensa a wurin kuma shi ke ba da j na tsakiya. Saboda haka idan tagogi sun yi kaɗan, a matso da layuka kusa da juna a tsakiya, a bar tazara a gefe. Wasu kan shimfiɗa hasken ya zama kamar faifai da madubai masu lanƙwasa, ya ratsa doguwar taga ɗaya, a jera makarɓai a ɗaya ɓangaren.

Taga ta zama ta kwatsa mai tsarin lu'ulu'u, wadda aka yanka ta yadda gatarin haskenta ya bi hanyar hasken, domin in ba haka ba ita kanta za ta sauya kaɗawar. Kada a matse ta da kusoshi ba daidai ba: matsi yana sa gilashi ya jinkirta fuska ɗaya fiye da ɗaya. A ɗan karkatar da ita digiri ɗaya ko biyu don hasken da ya dawo daga fuskarta kada ya koma cikin leza. Faɗin kowace taga da kowane madubi ya ninka faɗin hasken sau biyu ko fiye. Tururin ruwa yana shan wannan hasken sosai, don haka a rufe hanyarsa da akwati ko bututu, a cika da busasshiyar iska ko naitirojin. Firam ɗin da ke ɗauke da madubai kada ya taɓa jikin tokamak, kuma kada a yi shi da ƙarfen da maganaɗisu ke ja ko zoben ƙarfe a rufe, domin lokacin harbi, wato ɗan lokacin da ake tayar da filasma, zai motsa.

Mataki na uku: yadda za a karanta kusurwar

Hanya mafi sauƙi ita ce a aika haske mai kaɗawa a miƙe, a sa rariyar siraran wayoyi a gaba ta raba shi gida biyu, a kwatanta ƙarfinsu. Tana aiki, amma tana dogara da ƙarfin haske, wanda lanƙwasa da rawar leza ke sauyawa. Hanyar da ta fi amana ita ce wadda Dodel da Kunz suka gabatar a 1978: a aika haske biyu a kan layi ɗaya, ɗaya mai kaɗawa a da'ira ta dama, ɗaya ta hagu, mitarsu ta ɗan bambanta. Filasma tana jinkirta su ba daidai ba, kuma bambancin takunsu ninki biyu ne na α. An mayar da auna ƙarfi ya koma auna taku, wanda bai damu da hasken ya dusashe ko ya ƙaru ba. Idan aka ƙara leza ta uku wadda ba ta shiga filasma ba a matsayin ma'auni, matsakaicin takun biyun farko zai ba da φ. Bambancin mitoci ana sa shi wajen megahaz 1, ana kuma zaɓar su ta yadda bugun uku da za su fito ba za su hau kan juna ba.

A aikace ga yadda ake haɗawa. A fito da hasken lezoji biyu da kaɗawa masu gittar juna, a haɗe su a kan rariyar wayoyi, a ratsa da su farantin kwata-zango da aka ajiye a digiri 45, su fito ɗaya dama ɗaya hagu. A ciri kaɗan kafin su shiga filasma a kai wa makarɓin ma'auni. Sauran ya ratsa, ya faɗa kan makarɓinsa, ko dai irin na Schottky da ke aiki a zafin ɗaki, ko na InSb da ake sanyayawa da ruwan hiliyam. A ɗauki siginar da saurin da ya ninka mitar bugu mafi girma sau da yawa, a fitar da taku a kwamfuta.

Inda wannan hanyar take cizo shi ne daidaiton layin. Idan hasken dama da na hagu ba su bi hanya ɗaya sak ba, kowanne zai ga yawan elektiron daban, bambancin kuma ya shigo a matsayin juyin ƙarya. A misalinmu na 195, φ na tsakiya radiyan 16.5 ne, yana saukowa zuwa sifili cikin mita 0.4, wato kusan radiyan 40 a kowane mita. Rabuwar milimita 1 tsakanin hasken biyu za ta ba da kuskuren da ya haura digiri 1 a cikin siginar da ba ta wuce 3.4 ba. Sai an rage rabuwar zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita kafin kuskuren ya sauko wajen digiri 0.1. Ana gwada wannan da siririn allon roba mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗaya gefen: a juya shi a kan hanyar hasken, idan bambancin taku ya yi rawa tare da juyawar, layukan ba su haɗu ba. A gyara madubi, a sake, a wuri na kusa da na nesa, har rawar ta kwanta. Wannan aikin yana cin kwanaki, kuma ya cancanci kwanakin.

Don daidaita madubai ana bin sawun da leza mai ganuwa, amma a tuna kwatsa tana lanƙwasa haske mai ganuwa da lambar 1.5, wannan kuwa da 2.1, saboda haka hanyoyinsu kan rabu bayan karkatacciyar taga. A tabbatar da wurin hasken na ainihi da takardar da ke sauya launi da zafi ko da ƙaramin makarɓi. Lezar CO₂ da ke ciyar da lezojin metanol da fomik asid ba ta ganuwa kuma tana ƙona fata da ido, a rufe hanyarta. Hayaƙin lezar DCN ko 'yar'uwarta HCN yana ɗauke da sayanaid, dole bututun fitarsa ya kai waje.

Mataki na huɗu: saita ma'auni

A sa farantin rabin-zango a kan hanyar hasken, kusa da tagar shiga, a kan injin da ke juyawa da sanannen taku. Juya farantin da digiri 1 yana juya kaɗawa da digiri 2, bambancin taku kuma ya canza da 4. A zagaya da shi cikakken zagaye, a zana abin da aka auna a kan abin da aka sa. Idan zanen miƙaƙƙen layi ne, madalla. Idan yana kumbura yana lotsewa, hasken ya daina zama cikakkiyar da'ira a wani wuri, galibi a kan masu raba haske, waɗanda ke nuna wa fuska ɗaya fifiko. A gyara kusurwar farantin kwata-zango, abin da ya rage a ajiye shi a matsayin jadawalin gyara na kowane layi daban.

Sai gwaji biyu a kan na'urar kanta. A kunna dukan naɗaɗɗun wayoyi ba tare da filasma ba: duk abin da aka gani motsin madubi ne, ko juyin Faraday a cikin taga, ko maganaɗisu ya taɓa leza. Sannan, idan na'urar ta yarda, a juya alƙiblar kwararar filasma a harbi biyu masu kama da juna. Juyin gaskiya zai sauya alama, kuskuren rabuwar layi ba zai sauya ba. Rabin bambancin biyun shi ne α, rabin jimlarsu shi ne kuskuren. A kowane harbi kuma a ɗauki 'yan milisakan kafin filasma ta tashi a matsayin sifili.

Mataki na biyar: daga kusurwa zuwa j

A fara da φ. A duba tsalle-tsallen zagaye: a zangon 195 kowane zagayen taku ɗaya daidai yake da elektiron 1.14×10¹⁹ a murabba'in mita, kuma idan siginar ta yanke na ɗan lokaci, lissafi zai ɓatar da zagaye ɗaya ko fiye. Alamarsa ita ce φ bai koma sifili ba bayan filasma ta mutu.

Idan filasma mai siffar da'ira ce, juyin Abel, wato lissafin da ke fito da ƙimar kowane wuri daga jimillar layuka, zai mayar da φ na layuka zuwa n a kowace tazara r daga cibiya. Ga α akwai ƙaramar dabara: a raba α na kowane layi da tazararsa x daga cibiya, abin da ya fito juyin Abel ne na n·B/r. A warware shi, a raba da n, a ninka da r, an sami B. Daga nan dokar Ampère: j = (1/μ₀r) × d(rB)/dr, inda μ₀ = 4π×10⁻⁷. Kada a ɗauki wannan saurin canji kai tsaye daga ɗanyun lambobi, domin zai fito da haƙora. A fara zana lanƙwasa mai santsi mai 'yan sigogi kaɗan, waɗanda ba su kai yawan layukan ba. Mai layuka shida da ya zana j mai tudu uku yana nuna abin da lissafinsa ya ƙirƙira ne.

Filasmar da aka miƙar ko aka ba siffar D ba ta bin Abel. A nan ana ba da α da φ ga manhajar warware daidaiton Grad da Shafranov, wato lissafin daidaituwar matsin filasma da ƙarfin maganaɗisu, irin EFIT, tare da ma'aunan maganaɗisu na waje, ta nemo rabon kwararar da ya dace da su duka.

Ko ta wace hanya, a yi bincike biyu. A tara j a kan dukan faɗin, dole ya zo daidai da abin da naɗin Rogowski ya ce. Sannan a lissafa lambar aminci ta tsakiya, q₀ = 2B/(μ₀Rj₀) ga filasma mai da'ira, inda B babban filin ne, R babban rabin faɗin zoben, j₀ kuma j na tsakiya. A tesla 2 da babban rabin faɗi na mita 1.5, q₀ yana zama 1 idan j₀ ya kai amfiya miliyan 2.1 a murabba'in mita. Idan zafin tsakiya yana hawa yana faɗuwa kamar haƙoran zarto, q₀ ya kamata ya kasance kusa da 1 ko ƙasa da shi. Da irin wannan awo ne, da lezar HCN mai maikuromita 337, Soltwisch ya nuna a tokamak ɗin TEXTOR da ke Jülich a Jamus cikin shekarun 1980 cewa q₀ yana zama ƙasa da 1 ko bayan faɗuwar, abin da ya saɓa wa bayanin da aka fi yarda da shi a lokacin. A gefen filasma kuwa, inda n ya yi ƙasa, raba abu da ƙaramar lamba yana kumbura kuskure, don haka a can a jingina da ma'aunan waje.

Idan akwai harbin atom marasa caji

Raunin hanyar Faraday shi ne tana tara dukan layi a lamba ɗaya. Na'urar da ke da injin harba atom don ɗumama filasma tana da hanyar da ke auna wuri guda, wadda Levinton da abokan aikinsa suka nuna a tokamak ɗin PBX-M da ke Princeton a Amurka a 1989. Atom ɗin dutiriyam, wato haidirojin mai nauyi, mai ƙarfin kilo-elektironbolt 80 yana gudun kusan mita miliyan 2.8 a daƙiƙa. Yayin da yake gitta filin tesla 2, yana jin filin lantarki v×B (v gudun atom ɗin ne) na wajen bolt miliyan 5.5 a mita, wanda ke tsaga jan haskensa na nanomita 656.1 zuwa layuka tara masu ganuwa, da tazarar kusan nanomita 0.15. Na tsakiya suna kaɗawa a gitte da wannan filin, na gefe a kwance da shi. Tunda alƙiblar gudun sananniya ce, fuskar kaɗawar tana faɗin inda B ya karkata a daidai inda layin kallo ya haɗu da harbin.

A kalli harbin a karkace don tasirin Doppler, wato sauyin launin da gudu ke jawowa, ya janye haskensa daga jan hasken gefen filasma, a kuma zaɓi wurin da layin kallo ya kwanta a kan shimfiɗar maganaɗisu don wurin da ake aunawa ya tsuke zuwa 'yan santimita. A ratsa hasken ta na'urori biyu masu girgiza gilashi, yawanci a kilohaz 20 da 23, a digiri 45 da juna, sai rariyar kaɗawa, mai barin fuska ɗaya kawai ta wuce, a digiri 22.5 tsakaninsu. Rabon siginar kilohaz 40 da ta 46 yana ba da tanjent na ninki biyu na kusurwar. Matacin launi na kowane layi, mai faɗin ƙasa da nanomita 1, dole ya zauna a kan rukuni ɗaya. Idan ya zame ya haɗa na tsakiya da na gefe, kaɗawarsu za ta soke juna, siginar ta mutu, don haka ana riƙe zafinsa da murhu kuma ana sake saita shi duk sanda aka canza ƙarfin harbi ko na fili.

Kusurwar da ake nema ƙarama ce: 0.2 a kan 2 bai kai digiri 6 ba. Gilashin tattara haske da ke kusa da na'urar yana yin nasa juyin Faraday, a zaɓi mai ƙaramar lambar Verdet, wato ma'aunin ƙarfin wannan juyin a gilashi, a auna saura. Ƙura da tururin da filasma ke shafa wa madubin farko suna sauya kaɗawa a hankali cikin watanni, shi ya sa ake sa masa murfi kuma ake maimaita saiti da fitila mai sananniyar kaɗawa a cikin bututun. Filasma mai juyawa da sauri tana da nata filin lantarki da ke nuni daga cibiya zuwa waje, wanda ke haɗuwa da v×B ya karkatar da kusurwar. Ana raba su ta hanyar kallon harbin daga wurare biyu, ko ta kallon atom masu cikakken ƙarfi da masu rabinsa, tunda v ya bambanta a tsakaninsu amma filin filasmar ɗaya ne.